Harafi Ɗaya Ya Tsare Mana Giyar Kirsimeti

Jama'a, bana a gefen titi na ci Kirsimeti, tsakanin gangar shara da wani layi ruwan ɗorawa da hukuma ta shafa wa kwalta. Kafin wani ya ce Don Hipólito, wato ni, ya bugu ne ya yada zango a hanya, bari in faɗi yadda aka yi da bakina, tunda maƙwabcina Don Anacleto ya riga ya kai nasa labarin shagon aski, shi kuwa ba ya ba da labari sai ya ƙara masa gishiri.

Ranar jajibere muka shirya kama hanya, ni da matata Nélida. Tun da sassafe na kai mota gidan mai, na tarar layi ya zagaya makabarta ya dawo. Ina cikin layin na ji Mai Girma Uban Man Fetur, Allah ya ƙara masa tanki, yana bayani a rediyo cewa babu ƙarancin mai a ƙasar nan, jama'a ne suka cika son 'yan'uwansu, kowa yana son tafiya rana ɗaya. To kun ji, laifin zumunci ne. Na waiwaya sai ga Don Anacleto a bayana cikin tsohuwar motarsa. Na tambaye shi ina zuwa, ya ce babu inda za shi, layi ya gani ya shiga, in ya kai gaba zai tambayi abin da ake rabawa. Sai da rana ta yi sanyi na samu man, na kuma bar tabarauna a kan famfon saboda murna. Cin abincin jajibere dai ya wuce mu.

Ba na son yin latti a wannan tafiya, kuma ga dalili. Shekara huɗu rabona da magana da yayana Evaristo. Da Baba ya rasu, gidan ya faɗo hannuna tare da itacen cereza, wato ceri, da ya dasa a tsakar gida, wanda duk Disamba yake cika da 'ya'ya jajaye. Da su Baba yake dafa giyar Kirsimeti, ganga ɗaya tak a shekara, kuma a gidanmu babu mai kai kofi baki sai babba ya ɗanɗana ya faɗi ra'ayinsa. Ranar da aka raba kaya, Evaristo ya dubi itacen ya dube ni, ya ce kafin shekara biyu zan kashe shi, wai ni ko ƙaya aka ba ni riƙo sai ta bushe. Ni ma na mayar masa da wadda ba zan iya rubutawa a jarida ba. Ya shiga mota ya koma garinsu Tres Álamos, shi ke nan.

Nélida ce ta gaji giyar, don ita ce ta tsaya kusa da Baba tana kallon hannunsa lokacin da mu 'ya'yansa muke jiran a zuba. Duk shekara takan dafa a gareji, ta zuba kofin farko ta ajiye a kan tebur domin babban da ba ya nan, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Bana, farkon Disamba, sai ga saƙo a waya daga Evaristo, layi ɗaya: "In za ka zo, ka taho da giyar Baba." Ko gaisuwa babu. Amma ni na san yayana, wannan layin a wurinsa daidai yake da durƙusawa. Na kuma san in na isa hannu rabbana, zai ce itacen ya mutu ina ɓoyewa, mu sake wata shekara huɗun, kuma daga ni har shi babu mai shekarun zubarwa.

Saboda haka ranar Kirsimeti da safe muka ɗaura wa gangar bel a kujerar baya kamar jika, ƙaramar ganga ce ta ƙarfe mai cin lita ashirin, muka kewaye ta da ƙanƙara da jiƙaƙƙen tawul saboda a nan kudancin duniya Disamba lokacin zafi ne. Hanyar Tres Álamos kun san ta. Sau uku Mai Girma Gwanin Almakashi yana zuwa yanka ƙyallen buɗe ta, duk shekarar zaɓe, har ina jin ƙyallen da aka yanka a kanta ya fi kwaltar da aka zuba tsawo. Duk ramin da na faɗa sai Nélida ta ce, "Tsoho, a hankali, giya ba ta son girgiza." Ni da ƙashin bayana yake ƙara babu wanda ya tambaye ni.

Saura kilomita goma sha biyu mu shiga gari muka iske sabon shinge. An yi masa gini mai gilashi, da tuta, da allo mai ɗauke da hoton ƙuda ya kai girman tinkiya. Ashe Mai Girma Babban Kwamandan Yaƙi da Ƙuda ne ya kafa shi, don kada ƙudan 'ya'yan itace ya tsallaka. Mu dai a tsaunukanmu babu wanda ya taɓa ganin wannan ƙuda, sanyin hunturu ba ya barinsa, amma tunda an ware masa kuɗi dole a yaƙe shi. Dokar ita ce duk ɗan itacen da ke motarka, ko ka jefa a gangar shara ko ka cinye a nan take. Gefen titi kuwa ga mutane tsaye cikin kayan coci suna ta gatsar tuffa da lemu, fuska a murtuke.

Jami'in da ke wurin dattijo ne mai furfura a gashin baki, sunansa Rufino. Ya miƙo mini takarda da biro, ya ce in rubuta abin da nake ɗauke da shi. Gurbin rubutun bai fi faɗin farce biyu ba, ga iskar Patagoniya tana neman ƙwace takardar, ga tabarau yana can kan famfon mai. Na yi niyyar rubuta cerveza, wato giya. Hannuna ya tsallake harafi ɗaya, wannan ɗan "v" na tsakiya, ya rubuta cereza.

Rufino ya karanta a hankali. "Cereza, lita ashirin. Yallaɓai, sai dai a sauke."

Na yi dariya na ce ai kuskure ne, wa ya taɓa auna 'ya'yan itace da lita? Ya ce shi ma ya yi mamaki, amma ba shi ya rubuta ba. Na ce ya ba ni biro in cusa harafin. Ya ce gyara a takardar hukuma laifi ne mai zaman kansa. Na ce to ya ba ni sabuwa. Ya ce kowace takarda da lambarta, ba a soke ta sai da hatimi, hatimin yana cikin aljihun tebur, makullin yana aljihun oga, ogan kuma yana bakin teku tun ran ashirin ga wata yana hutawa daga yaƙin ƙuda.

Nélida ta fito da murmushinta na coci, ta ce ranka ya daɗe ya zo ya duba da idonsa, giya ce. Ta murɗa famfon gangar ta ɗiga masa kaɗan a murfi. Abin ya fito ja wur, ƙamshin cereza ya cika motar. Rufino ya shinshina ya ce anya ba kalar kanti aka zuba ba? Nan fa raina ya ɓaci. Na ce kalar kanti a giyar Baba? Kilo shida na cereza ke cikin gangar nan, da hannuna na tsinko su daga itacen gidanmu. Nélida ta taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Rufino ya gyaɗa kai ya ce to ai takarda ba ta yi ƙarya ba.

Hanya uku ya ba ni: in zubar, in shanye a wurin, ko in koma da ita gida. Man da ke tankina ba zai mayar da ni gida ba, cikina ba zai ɗauki lita ashirin ba, zubarwa kuwa gara a ce in zubar da jinina. Na zauna a kan dutse. Ba giyar nake ji ba. Ina hango Evaristo zaune a kan tebur yana duban agogo, yana ce wa iyalinsa ai dama ya faɗa.

Nélida ta ce za ta kira Zulema matar Evaristo. Na ce kada ta kuskura, ban yarda yayana ya ji cewa harafi ɗaya ya kayar da ni ba. Ta dube ni irin kallon da take yi wa giyar da ta yi tsami, ta hau wani tudu inda waya take kamawa. Da ta sauko ta ce Evaristo ne ya karɓe wayar daga hannun matarsa, ya tambayi wane shinge, ya kashe.

Muka zauna. Ƙanƙara tana narkewa, ina ta jiƙa tawul. Rufino ya fito da ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a nan, ya zuba ruwan zafi ya miƙo mini, na so in ƙi don fushi, amma mutum ba ya ƙin mate ko daga hannun wanda ya tsare shi. A nan na ji cewa shi ma tun jiya yake wurin, abincin Kirsimetinsa burodi ne da cuku a cikin takarda, kuma tun da aka buɗe shingen bai taɓa ganin ƙudan ba sai a allo.

Wajen ƙarfe biyu sai ga wata a-kori-kura ta taho daga ɓangaren gari tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A bayanta tebur ne ƙafafu sama, da kujeru, da tukwane, da 'ya'ya da surukai kowa ya riƙe wani abu, ga ɗan rago gasasshe tsaye a jikin ƙarfensa yana tururi. Wata motar tana biye da sauran dangi. Evaristo ya fito. Ya tsufa, jama'a, ya rame, ya fara jan ƙafa, babu wanda ya gaya mini. Bai dube ni ba. Ya tafi wurin Rufino ya tambaya ko akwai dokar da ta hana mutum cin abinci a wancan gefen layin ruwan ɗorawa. Rufino ya duba littafinsa ya ce babu. Evaristo ya ce to a nuna masa takardar da na cika.

Ya karanta, ya ɗago kai. "Polo," ya ce, sunan da ya fi shekara huɗu ban ji a bakinsa ba, "shekara sittin da biyu kana shan abu, har yau ba ka iya rubuta sunansa ba?"

Na ce, "Yaya, tabarau na manta."

"Da tabaran ma haka kake."

Aka kafa tebur a gefenmu na layin, aka danne ƙyallen tebur da duwatsu saboda iska. Zulema ta yanka burodin Kirsimeti mai zabibi, aka jera kofuna. Nélida ta murɗa famfo ta cika kofin farko, kumfa ta taso ruwan hoda, ta miƙo mini. Wannan karon ban yi kamar ban gani ba. Na karɓa da hannu biyu na kai wa yayana. Kowa ya zuba masa ido, har masu gatsar tuffa.

Ya ɗaga kofin ya duba shi a rana yadda Baba yake yi, ya shinshina, ya kurɓa. Ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ashe yana nan," ya ce.

"Yana nan, Yaya. Bana sai da muka tokare rassan da sanduna."

"Wa yake ba shi ruwa?"

Na ce ni. Nélida ta yi tari. Na ce mu.

Ya sa bayan hannu ya goge ido, ya ce wannan iskar banza ba ta barin mutum ya sha abu cikin natsuwa. Ni ma iskar ta shigar mini ido a daidai lokacin. Ya jawo kujerar da ke kusa da tasa ya buga mata tafi, na zauna.

Daga nan muka shiga bin doka, tunda hukuma ta ce a cinye a wurin. Duk wanda ba shi zai riƙe sitiyari ba an ba shi kofi, har wata tsohuwa da aka ƙwace wa lemu shida, wadda ta ce wannan ne karo na farko da shinge ya mayar mata da wani abu. Rufino ya ce yana bakin aiki, nama kawai zai ci, amma aka ajiye masa kofinsa a inuwa har agogonsa ya ce ƙarfe huɗu ya tashi. Kafin rana ta karkata gangar ta koma fanko. Ya ɗauki takardata ya rubuta a ƙasa: cereza, lita ashirin, an cinye a wurin. Nélida da Zulema suka ja motoci, ni da Evaristo muna bayan a-kori-kura riƙe da ƙafafun tebur, yana gaya mini yadda ake yi wa itace aski, ni kuma ina cewa to.

Don haka yau ba ƙorafi na zo yi ba, godiya na kawo. Abin da limamin coci da matanmu biyu suka kasa cikin shekara huɗu, ofishin ƙuda ya gama shi a wuni ɗaya, da takarda ɗaya da hatimin da babu. Allah ya ja zamanin Babban Kwamanda, ya ƙara wa ogan shinge kwanaki a bakin teku. Roƙona ɗaya gare ku masu karatu, kada wanda ya kai musu labarin cewa sun gyara wani abu. In suka ji, baɗi za mu tarar da Gwanin Almakashi tsaye tsakanina da yayana, ya ɗaura mana ƙyalle yana jiran mai hoto.