Jan Kafso da Farar Shadda

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Juma'a ce a Maamobi, ranar da jikina ya kai ƙarata gaban manya ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina saurayi, ina ɗinki a wata 'yar rumfa a Accra New Town, ina hayar ɗaki a gidan Hajiya Lami. Gida ne irin namu na Zango: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya (ranar da ya ga dama), wurin wanka ɗaya a kusurwa. Ruwan wurin wankan nan ba shi da sirri. Ta wata 'yar kwata yake fitowa, ya ratsa tsakar gida a gaban kowa, ya bi ta gefen murhun masu dafa waakye, wato shinkafa da wake, sannan ya faɗa babbar gota a waje. Kowa ya san ba wanka kaɗai ake yi a ciki ba, amma ba a faɗa.

Hajiya Lami tsohuwar 'yar kasuwar atamfa ce, mace mai dauriyar da har haushi take ba mutane. Sankarar mama ta kama ta, ta ɓoye har sai da abin ya fi ƙarfin ɓoyo. Aka yi mata aiki, daga nan duk bayan 'yan makonni sai a kai ta babban asibiti a ɗura mata wata jar allura ta jijiya. Allurar nan ba ta da kirki ko kaɗan. Ta sa ta amai, ta hana ta cin abinci, ta kwashe mata gashin kai har da gira. Kuma in ta dawo, kwana ɗaya ko biyu fitsarinta ja yake fita, kwata ta yi shela. Matan gida sun saba, sai dai su kalli juna su ce, “Hajiya ta je asibiti jiya.”

Likita ya gaya mata cewa in aka katse alluran a tsakiya, wahalar da ta sha ta tashi a banza. Ita ta ƙudura sai ta ga ƙarshensu. Babban ɗanta Sule, mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, shi kuwa tun farko bai yarda ba. Yana da wani mai maganin gargajiya can arewa da aka ba shi labari, dalili kawai yake jira ya ɗauke uwarsa ya kai ta. Yakan ce, “Wane irin magani ne zai aske mutum kafin ya warkar da shi?”

Ni kuma abin da ya dame ni a duniya daban ne. Rabi nake so, autar Hajiya. Matsalar ita ce ni siriri ne na fitar hankali, irin wanda in ya tsaya a gefe sai a ɗauka ya tafi. Sule ba ya kirana da sunana, Zare yake ce mini. Wata rana Rabi da kanta ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai dai ka nemi jini.” Da wasa ta faɗa. Ni ban ji wasa ba, umarni na ji.

To a gidanmu ba a zubar da magani, almubazzaranci ne. Akwai wani babban gwangwanin madara a barandar Hajiya, duk wanda ya ji sauƙi sai ya zuba sauran maganinsa a ciki don na baya. Takardun kuwa tuni an kunna gawayi da su. Da launi muke aiki: fari na ciwon kai, rawaya na zazzaɓi, mai ja da rawayan nan da ake kira topaye na gyambo da ciwon ciki. Ja zalla kuwa, ai ko yaro ya san na jini ne. (Kada ka yi dariya. Da wannan ilimin aka raini rabin unguwar, wasunmu har sun rayu.)

Ana nan sai Baba Isaka mai gadi, wanda ya daɗe yana tari, ya ji ƙarfi ya tattara ya koma garinsu. Ya bar wa gwangwani leda guda cike da kafso ja wur, manya, masu sheƙi. Ina ganinsu na ce Allah ya karɓi addu'ata.

Na fara da biyu da safe, biyu da yamma. Da na ga jini bai zo da sauri ba na ƙara hannu. Ba a daɗe ba fatata ta soma wani ja-ja, har wata mai kawo ɗinki ta tambaye ni ko man shafawa na canja. Zuciyata tana tashi, bakina ɗaci, na ce sabon jini ne yake neman wurin zama. Sai wata asuba na shiga wurin wanka, na duba ƙasa, na ga abin da ke fita daga jikina kamar an dama manja da sobolo, wato zoɓo. Wallahi ban tsorata ba. Murna na yi. Na ce jini ya cika har yana ambaliya.

Murnar ta ƙare da na fito na tarar da mata biyu tsaye a kan kwata.

“Ai ba ta je asibiti makon nan ba,” in ji ɗaya.

“To jini ne ke nan,” in ji ɗayar. “Allah sarki Hajiya.”

Na wuce su da butata ina gyara murya. Washegari kwata ta sake yin ja, jibi ma haka. Aka tambayi Hajiya ta ce ba ita ba ce. Amma wa zai yarda da matar da ta ɓoye ƙari a ƙirjinta kusan shekara? Ga shi ba ta bari a raka ta wurin wanka. Duk musun da ta yi, sai a ce dauriya ce. Sule ya samu abin da yake nema, ya ce allurar asibiti ce take narkar mata da jini. Ya aika Kumasi a kira Kawu Danjuma, ƙanin marigayi mahaifinsu, a zauna ranar Juma'a a yanke magana.

Za ka ce me ya hana ni buɗe baki. Na yi niyya, har sau da yawa. Amma ka gwada tsayawa gaban yayan budurwarka ka ce masa, “Yaya, fitsarin nan da kuke kuka a kansa nawa ne.” Na dinga lallaɓawa babbar gota ta waje, sai dai mafitsara ba ta san siyasa ba, wani lokacin dole na shiga na gida. Har na soma lallashin kaina cewa wataƙila mu biyu ne. Abin da ya fi muni, ban daina shan kafson ba. Kawu Danjuma shi ne waliyyin Rabi, ina so ya same ni da jinina cikakke.

Ranar Juma'a na ci ado da farar shadda da na ɗinka da hannuna, farar hula, farin hankici a aljihu. Bayan an sauko daga masallaci aka taru a falon Hajiya. Ni an kira ni ne don in zuba shayi in kuma cika wuri, na samu kujera daidai gaban Kawu. Rana ta take, rufin kwano, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya cak.

Sule ya yi magana mai tsawo. “Kawu, kullum jini, kullum jini. Ba zan zuba ido a kashe Mma a asibiti ba koraa, ko kaɗan. Na riga na yi magana da direba, jibi za mu kama hanya.”

Hajiya tana kishingiɗe, ɗankwali ɗaure a kan da ba gashi. A hankali ta ce, “Sule, ni na haife ka. Na ce maka ba jinina ba ne. Alluran sun kusa ƙarewa, ku bar ni in ƙarasa. In mutuwa ce, ta same ni ina kan abin da na zaɓa.”

Kawu ya sunkuyar da kai. Na ga alamar ya karkata wajen Sule, domin ya fara cewa, “Hajiya, haƙuri za ki yi, ido ba ya ƙarya.”

Maganarta ta taɓa ni ƙwarai. Tausayi ya kama ni, kunya ta kama ni, zafi ya kama ni, gumi ya karyo. Na ji ƙwalla ta cika mini ido, na zaro hankici na share fuska. Da na sauke shi sai na ga Rabi daga bakin ƙofa ta zuba wa hannuna ido. Na duba. Hankicin nan ya zama ruwan goro. Na dubi ƙirjina, wuyan riga ya rine. Na ɗaga hannu kaɗan, hammata biyu kamar an ɗora mini yankan gwanda. Na yi saurin matse hannuwana a jiki, wai ko za a ɗauka adon ɗinki ne.

Kawu ya katse maganarsa. “Yaro, me ke zubo maka daga hula?”

“Rini ne, Kawu.”

“Farar hula ce.”

Wani hawayen ya gangaro, na ji shi har haɓa, ya ɗiga a kan shadda ya bar tabo. Hajiya ta yunƙura ta zauna, abin da ta kwana biyu ba ta yi da kanta ba. Ta daɗe tana kallona.

“Rabi, ɗauko gwangwani.”

Aka kawo, ta zazzage a kan tabarma. Ledar Baba Isaka ta faɗo, saura 'yan ƙwayoyi a gindinta.

“Isaka ma haka rigunansa suke yi,” in ji ta. “Shi dai yana da hankali, a gota ta waje yake tsugunawa.”

Sule bai yarda nan take ba. Mutum ne da ba ya sayen kaya sai ya juya shi ya ƙwanƙwasa. Ya fita ya dawo da kwalbar lemo wankakkiya ya miƙo mini. Ban taɓa yin tafiya mai nisan wadda na yi daga falon nan zuwa wurin wanka ba, ga matan gida jere a baranda. Dawowar ta fi tafiyar. Na riƙo kwalbar da hannu biyu (ban san dalili ba, ladabi ne ya motsa), na durƙusa na ajiye gaban waliyyin matar da nake so. Kawu ya sa tabarau, ya ɗaga ta saitin taga yana juyawa kamar mai tayin manja.

“Wannan duk kai kaɗai?”

“Ni kaɗai, Kawu.”

“Me kake nema?”

“Jini.”

Rabi ce ta fara fashewa da dariya, ta toshe baki da mayafi ta ruga ɗaki. Sai Hajiya ta kama dariya tana dafe wurin aikinta tana cewa in fita kada ɗinkin ya farke. Sule kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “Zare, saboda kai na kusa kwashe uwata daga hannun likita.” Wannan maganar ta fi kwalbar nauyi, har yau ina jin ta.

Ranar da Hajiya za ta koma asibiti aka tasa ni gaba da ledata. Matar da ke ba da magani ta karanta jikin kafson, ta dube ni, ta tambayi nawa nake sha, sannan ta kira ɗalibai su zo su gani. Ta ce sunansa rifamfisin, maganin ƙwayoyin tarin fuka ne, ba ruwansa da ƙarin jini. Launinsa ne yake bin fitsari da gumi da hawaye ya fita, kamar yadda launin allurar Hajiya yake bin nata. Allurar Hajiya tana farautar duk abin da ke saurin tsiro a jiki, shi ya sa ta haɗa da gashi. Nawa kuwa ƙwayar cuta yake nema, da bai samu ba sai ya sauka a kan hantata. Ta aika a auna ni, ta ce in gode wa Allah. Da ta ji yadda Baba Isaka ya bar maganinsa a rabi sai fuskarta ta canja, ta ce a nemo shi ko ina yake, domin ƙwayar da aka daka ba a kashe ba da taurin kai take dawowa. Sule ne ya aika masa saƙo ta direbobin arewa. Wani ɗalibi ya roƙi in bar masa hankicin, na bar masa.

Hajiya ta ƙarasa alluranta. Hukuncina shi ne ni zan dinga riƙe mata jaka da robar amai a trotro, motar haya, na kuwa riƙe har ta ƙarshe. Gashinta ya dawo fari sol, ta ƙara shekaru masu ɗan dama a duniya, har ta goya 'yarmu ta fari.

I, an ba ni Rabi. Kawu ya so ya ƙi, Sule ya fi shi son a ƙi. Hajiya ce ta raba gardama. Ta ce, “Ku ba shi. Wawa ne, amma mutumin da in ya yi ƙarya rigarsa take faɗa, 'yata ba za ta sha wahalar bincike ba.”

Na yi jikoki yanzu, amma a Maamobi in ka tambayi gidana da sunana na yanka za ka daɗe kana yawo. Ka ce Tela Manja, ko akuya za ta nuna maka. Abin da na koya kuwa bai da yawa: kada ka sha maganin da ba naka ba, kada ka bar mara lafiya ta ɗauki laifin lafiyayye, in kuma ka riga ka aikata duka biyun, to ranar taron dangi ka sa baƙar riga.