Makullin Babur ɗin Kaka Noelene

"Lafiya lau, Kaka. Ya ƙafar?"

"Wacce daga ciki? Ta haihuwa ko ta asibiti?"

Haka Kaka Noelene ta tarbi jikanta Darcy ranar Asabar da hantsi. Tana zaune a baranda cikin baƙar rigar fata, a wannan zafi na garin Mildura da ko kare ba ya fita. Ni kuwa ina bayan shinge ina ba tumatir ruwa, kuma ranar tumatirin ya sha har ya gode.

Kowa a layinmu ya san alkawarin. Wata Kirsimeti ana gashin nama a bayan gida, 'ya'yanta suka matsa mata ta daina hawa babur. Sai ta ɗaga abin juya nama sama ta rantse cewa ranar da Brass Dingo suka ajiye jita, ranar za ta ajiye makulli. Brass Dingo makaɗan rok ne da take bi gari gari tun tana budurwa. Bara suka yi wasan ban kwana, kowa ya kama gabansa. Ana haka sai wani kamfani ya ƙera su da kwamfuta, samari jagab, ana haska su a wani zaure a Melbourne suna ta tsalle. Noelene kuwa ta haura tamanin, kuma makon jiya ta afka da babur cikin furannin kulob ɗin tsofaffi. Shi ya sa uwar Darcy ta turo shi.

"Makulli na zo karɓa," in ji Darcy.

"Ka dai zo cin kek ɗin lamington. Ga shi can a faranti, na ƙara maka kwakwa, ko ka yi ƙiba a daina ɗauka sandar shanya ce ta shigo gidan."

"Zan ci, kuma zan karɓa. Kin rantse, Kaka. Naman da ke kan wuta ma shaida ne."

"An cinye shaidar taka."

"Brass Dingo sun yi ritaya."

"In ji wa? Watan jiya na gan su da idona, ni da ƙawata Glenys da matan kulob cike da bas. Col mawaƙinsu ya yi tsalle daga kan lasifika ya dira a kan gwiwa. Glenys sai da aka yi mata fifita."

"Col yana Queensland yana noman fiya. Gwiwar tasa ko ɗaurin takalmi ba ta bari ya durƙusa."

"To ka ga ƙoƙari. Da rana noma, da yamma waƙa. Kai aiki ɗaya kake yi, a zaune, kana kukan ciwon baya."

"Haske ne, tsohuwa! Majigi ne! In kika miƙa hannu, ta cikin cikinsa zai wuce."

"Kai ma in na miƙa hannu ta kunnenka, ta ɗayan zai fita. Mun ce ba ka nan?"

Darcy ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki lamington ɗaya don ya samu ƙarfi.

"To mai ganga fa? Wazza? Wazza ya rasu. Ke da kanki kika je jana'iza, kika yi kukan da ya fi na matarsa, har mutane suka bar ta suka dawo yi miki ta'aziyya."

"Allah sarki Wazza. Ai tun da ya mutu bai ƙara kuskuren kiɗa ba. Da yana raye kullum sai ya riga sauran gama waƙa, yana saurin zuwa mashaya. Yanzu ka gan shi, a natse, ga gashi ya dawo. Ban taɓa ganin mutumin da mutuwa ta gyara kamar Wazza ba."

"Kaka, a soket ake jona su, kamar butar shayi. A kashe wuta, ƙungiya ta watse."

Noelene ta buga ƙirjinta da yatsa. "Nan me ke ciki?"

"Batirin zuciya."

"Ƙugu fa?"

"Ƙarfe."

"Haƙora?"

"Waɗanda ke kwana a kofi?"

"Idon dama ma likita ne ya dasa masa gilashi. Rabin jikina kamfani ne ya ƙera. Ka taɓa jin an ce Noelene ta yi ritaya?"

"Abin da ya kawo ni ke nan."

"Kai da ko keke ba ka iya ba sai da ka fara gemu! Ni na riƙe maka sirdi kana ihu kana kiran uwarka. Yau kai ne za ka sauke ni?"

"Ni dai ban taɓa kashe fure ba."

"Su suka tare hanya."

"Furanni?"

"An dasa su inda bai dace ba."

"A bayan katanga suke, Kaka."

"Katangar ma an gina ta inda bai dace ba. Na gaya wa shugaban kulob tun ina ciki a kwance." Ta gyara zama. "Kuma bari ka ji wanda ban gaya wa uwarka ba. Col ya kashe mini ido."

"Kowa yake kashe wa. An saita shi ne, in an zo amshi ya juya hagu ya kashe ido, ko kujera ce a wurin."

"Da can ma haka yake yi, ba wanda ya ce kwamfuta ce. Namiji ne kawai. Har warin guminsa na ji."

"Gumin Glenys ne."

"Gumin Glenys na san shi, ba ya motsa zuciya."

Darcy ya yi dariya har kwakwa ta sarƙe shi. Da tarin ya lafa sai ya sassauta murya.

"Mama ba ta iya cin abinci in ta ji an ce kin fita. Duk wayar da ta yi ƙara sai ta zabura."

Noelene ta dubi ƙofar gareji.

"Babur ɗin nan tun uwarka ba ta yi haƙori ba yake kai ni bakin kogin Murray ya dawo da ni. In na ba ka, me ya rage? Kujera da bargo, sai mai kawo wasiƙa in ya ga dama ya gaishe ni." Ta ja hanci, ta ɗaga haɓa. "Ba ruwana. Su suna yi, ni ma ina yi. Rantsuwata ba ta cika ba."

Darcy ya ɗauki lamington na biyu, ya tauna a hankali yana kallon rufi.

"Shi ke nan, na yarda. Brass Dingo suna nan daram."

"Da wuri haka? Zo in taɓa goshinka."

"Ƙalau nake. Ke ma ba za ki daina ba. Ina da aboki gwanin kwamfuta, zan kai masa tsohon hotonki ya ƙera ki a kan babur. Kowace yamma mu haska ki a ƙofar gareji, kina sheƙa gudu, gashi yana tashi. Ke kuma kina nan baranda kina noman fiya."

"A baranda zan noma fiya?"

"A tukunya. Maƙwabta su zo da kujerunsu. Duk wanda ya tambaya a ce Noelene ba ta ajiye babur ba, jiya ma mun gan ta. Har ido za mu sa ki kashe wa shugaban kulob."

"Kai, rufe mini baki! Wannan hawa ne? Wa zai sha iskar? Wa injin zai kaɗa wa ƙashi? In ƙwaro ya faɗa baki, wa zai tofar? Hoto ai ba ni ba..."

Ta tsaya cak, baki a buɗe.

"Ƙarasa, Kaka."

"Ba zan ƙarasa ba."

"Hoto ai ba ke ba me?"

"Tari ne ya kama ni."

"In kawo ruwa, ko in kira Col ya kawo?"

Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi tana dukan hannun kujera, har sai da ta sa yatsa ta tare haƙoran kada su yi gaba.

"Ɗan banza! Jinin kakanka ne, shi ma haka ya yi mini wayo na aure shi."

Ta sunkuya, ta zura hannu cikin dogon takalminta, ta zaro makulli ta wurga masa. Ya cafe.

"Da ɗumi ma," in ji shi.

"Ka karce masa fenti ka gani. In mutu in dawo a majigi, a bangon ɗakinka, kullum."

Darcy ya sumbaci goshinta, ya kwashe sauran lamington a takarda, ya nufi ƙofa. Har ya sa hannu a sakata ta kira shi.

"Darcy. Abokin nan naka, da gaske yana iyawa?"

"Yana iyawa."

"To akwai hoto a jikin firij, wanda nake da jan gashi. Shi za ka kai. Ka ce ya rage hancin kaɗan. Kuma ya sa Glenys a ciki, a kan keke, ina wuce ta a kwana."