Zugazugin Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe ɗakin ajiye kayan ƙira na dā a wata makarantar koyon sana'a a nan Wudil ba. An jera uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da wani tsohon injin huda ƙarfe da ake juyawa da hannu. A tsakiya kuwa ga zugazugin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, wanda ni da yayana Sule muka bayar. Shi kaɗai ya rage mana cikin kayansa.

To, ni ɗan maƙeri ne, amma tun ina ƙarami aka kai ni karatun allo. Yaya Sule ne ya zauna a maƙera a Achika. (Hannuna bai san komai ba sai alƙalami da tawada, amma bakina ya daɗe yana ƙira a majalisa.)

Da shugaban makarantar ya tambaya ko akwai mai nuna wa baƙi yadda ake zuga wuta, kafin Yaya ya motsa na riga na naɗe hannun riga.

Yaya ya ce mini a hankali, "Malam, fatar nan ta shekara ashirin ba ta ga mai ba. Bari a shafa mata tukuna."

Na ce, "Yaya, a kan wannan aka haife mu."

Na zauna, na yi bisimilla, na ɗaga na danna da ƙarfi. Fatar ta tsage tun daga baki har gindi. Tokar da ta kwanta a ciki tun zamanin Baba ta tashi ta sauka a gemuna da farar rigar shugaba. Na hau tari.

Ba rigar ce ta dame ni ba. Abin Baba na yaga da hannuna.

Yaya ya karɓa, ya jujjuya shi, ya ce, "Kwantar da hankalinka. Sau uku Baba yana ɗinke shi, biyu ni na fasa." Sannan ya dubi baƙi: "Ku yi masa uzuri, shi namu na addu'a ne."

Kwana biyu ya yi yana ɗinki, ni ina riƙe masa fatar. Yanzu duk inda aka nemi ɗan maƙeri, sai in nuna Yaya, in koma gefe in ce Allah Ya yi albarka.