Ranar da Na Cinye Bincikena

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na yi a wani ƙaramin asibitin ƙauye kusa da Kona ba. Shekarar ƙarshe nake a makarantar lafiya, an tura ni in auna yadda ma'aikata ke kallon kula da majinyaci a matsayin mutum: ko suna sauraronsa, ko suna neman ra'ayinsa, ko suna rufa masa asiri. Idan babu wannan binciken, babu takardar kammalawa.

A gidan gwaggona na sauka. Har yau ina tuna ƙanshin gyaɗar da ake shanyawa a kowane tsakar gida, da furar da muke sha a inuwar dogon yaro bayan azahar.

Matsalar ita ce takardun tambayoyina. Duk wanda na ba sai ya cika su da "kullum, kullum, kullum", kamar mala'iku ke aiki a wurin. Ungozoma Rabi ce ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan lakkwal, Majo ta san rubutun kowa. Wa zai kai kanshi?" Lakkwal dai makaranta ke nan, Majo kuwa ita ce shugabar asibitin, Hajiya Hadiza, mace mai kirki da kaifin ido.

Sai na fito da dabara (na yi alfahari da ita ƙwarai, Allah ya yafe mini). Na aro kwanonin gwaggo, kowace tambaya da kwanonta, na jera a ɗakin rigakafi, na rufe da faifai. Kowa ya shiga shi kaɗai, ya zuba gyaɗa daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon gaskiyar zuciyarsa. Gyaɗa ba ta da rubutu. Kuskurena ɗaya: soyayyiya gwaggo ta ba ni, har da gishiri.

Ranar ce ta ƙarshe, mai moton da zai kai ni Tasawa yana jira a kan babur ɗinsa. Kowa ya zuba, na buɗe kwanonin ke nan zan ƙirga, sai ga sallama. Baba Ilu ne, dattijon da ke shugabantar kwamitin asibitin, abokin marigayi kakana. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi kwanonin, fuskarsa ta washe.

"Jikan Sanda, ashe an koya maka tarbar baƙi!"

Ya zauna, ya jawo kwanon "sauraro", ya damƙa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, ina gajiya?"

"Babu gajiya. Matso mana, ba ni cin abinci yaro na kallo."

Jama'a, na matsa. Na sa hannu a kwanon "rufin asiri", na ci. Ina tauna takardar kammalawata, ina amsa tambayoyi kan gonar babana. Da ya ga kwanoni sun yi yawa, sai ya juye su wuri ɗaya don sauƙi, ban da guda da ke can gefe.

A haka Majo ta same mu, ma'aikata a bayanta, sun zo jin sakamako. Ta dubi kwanon, ta dubi gishirin da ke leɓena.

"To, malam mai bincike, yaya ra'ayinmu? Ya ji gishiri?"

Rabi ta riƙe ƙofa don dariya. Ni kuwa idona ya cika da ƙwalla. Baba Ilu, da bai gane komai ba, ya nuna wani kwano ya ce, "Wancan na ƙarshe dai kun yi mishi rowa, kusan ba komi ciki."

Kwanon "muna da isasshen lokacin jin damuwar kowa" ne. Rabi ta ce a hankali, "Ni guda na saka." Majo ta ce, "Ni ma."

Ta sallami mai moto, ta sa aka shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro. Har la'asar suna faɗa mini abin da takarda ta kasa fitarwa, suna gardama, ina rubutawa. Da wannan hirar na kammala.

Tun daga nan na san mutane kan faɗi gaskiya idan sun ga kai ma ka ji kunya a gabansu. Hana dattijo abinci kuwa har yau ban iya ba, shi ya sa yanzu da tsakuwa nake aiki.