Haƙorin Da Na Ɗauko Daga Kusada

Ba zan taɓa mantawa da abin da gaggawa ta ja mani ina aji biyar na sakandare a Kankia ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki.

Madam ɗinmu ta Bayoloji, wata 'yar kudu da Hausa ta zauna a bakinta, ta nuna mana hoton wata ƙatuwar kyanwa ta zamanin da, haƙora biyu sun zaro mata har ƙasan haɓa. Ta ce sunan da masana suka sa mata, ma'anarsa "mai haƙoran takobi", kuma ba kowace dabba mai dogon haƙori ake kira haka ba, sai irin waɗannan da suka ƙare tun kafin a fara rubuta tarihi. Sannan ta ce duk wadda ta kawo abin nuni mafi ban sha'awa, ita za a tura gasar kimiyya Katsina. (Ni kuwa ko a mafarki gasar nan nake gani.)

Ran Asabar na je Kusada gaida Kaka. Ina laluben allura cikin adakar marigayi kakanmu, wanda maharbi ne, sai ga haƙori fari, lanƙwasasshe, ya fi tafin hannuna tsawo. Na yi wuf na ɗauke shi don murna.

Kaka ta ce, "Ke ɗiyar nan, tsaya in gaya maki..."

Na ce, "Kaka, mota za ta tashi!" Na ƙulle shi a bakin hijabi na fice.

Ran Litinin 'yan aji suka yi layi suna shafawa. Hadiza, wadda muke takara da ita, har shinshinawa ta yi. Ni kuwa ina ta cika baki: "A hankali dai, ya girmi kakannin kakanninku." Don in ƙara ƙona mata rai, na ɗaga shi na sumbata. (Allah Ya yafe mani.)

Madam na shigowa na miƙe, ba wanda ya kira ni. "Madam, ga haƙorin mai haƙoran takobi, daga Kusada!"

Ta karɓa, ta juya shi, ta ciji leɓe tana danne dariya. "Yarinyata, wannan hauren gyado ne. Aladen daji. A garinmu har farfesunsa ake yi."

Sai salati ya kaure a aji. Kafin in ƙifta ido kowa ta ruga famfo, ana ta dirzar hannu da ƙasa. Hadiza ta dirji hanci har ya yi ja, tana cewa, "Allah Ya isa, Malama masaniya!" Ni ina tsaye na rasa ta inda zan fara: hannu, leɓe, ko hijabin da na kwana biyu ina salla da shi.

Hadiza aka tura Katsina, da waken da ta shuka a gwangwanin madara. Wake fa!

Tun daga ranar na ɗauki darasi: in kin tsinci kayan tarihi, ki fara kai shi gaban malami kafin ki kai shi baki.