Haruffan da Suka Rame a Hanyar Idu

Wani ne a Karmo ya sayi tsohuwar kwamfuta, irin mai ƙaton akwatin nan. Ko sati bai rufa ba ya fara ce wa mutane shi mai zane ne. Allah da ikonsa, sai ga aiki. Oga David, wani bakanike a Apo, zai buɗe sabon gareji ran Asabar, yana son ƙyallen talla.

"Ina so rubutu mai kauri," in ji Oga. "Wanda direban tirela zai karanta bai taka birki ba. In ya yi kyau, duk aikin layinmu naka ne. In bai yi ba, kar in ƙara ganin ƙafarka a Apo."

Gogan naka ya shiga intanet ya sauko da wani samfurin rubutu, haruffa ɓul-ɓul, kowane da kumatunsa. Ya tsara, ya zuba a filas, ya hau keke sai Idu, wajen wata Prudence mai injin buga talla.

Prudence ta buɗe a kwamfutarta. Haruffa suka fito sirara kamar tsintsiya.

"Madam, me kika yi musu?"

"Ban taɓa komai ba. Font ɗinka, wato samfurin rubutun da ka sa, shi ne babu a system ɗina. Naka daban, nawa daban. In bai ga naka ba, sai ya sa nasa."

"Ni fa da ƙibarsu na zuba su."

"Ka koma ka haɗa font ɗin cikin fayil ɗin, su taho tare."

Bai ma tsaya saurare ba. Shi ya riga ya gano: ramukan hanya ne suka jijjige su. Ya koma gida rai a ɓace, ya soka filas a tasa kwamfutar. Sai ga haruffa sun dawo da ƙibarsu, har da ƙari a idonsa.

"Allah sarki," ya ce. "Ashe gida kuke so."

Ya tura wa maƙwabcinsa Zulkifilu a waya, don gwaji. Zulkifilu ya leƙo ta katanga.

"Malam, me ka turo min? Ni akwatuna kawai nake gani a jere."

Mutumin ya karɓi wayar ya duba, ya jinjina kai. "Kunya ce. Ba su san ka ba. Kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa."

To, tunda baƙunta ce ke damunsu, ai maganin a fili yake. Kada su san sun bar gida.

Ran Juma'a da safe ya ɗauko hayar baro. Ya ɗora kwamfuta, ya ɗora teburinta, da kujera, da labulen ɗakin, har da rediyon da ya saba kunnawa in yana aiki. Ya lulluɓe kwamfutar da bargo, ya kama turawa a hankali. Duk mai keken da ya danna masa hon, sai ya ɗora yatsa a baki.

Yana isa Idu ya shirya ɗakinsa a tsakiyar shagon Prudence. Ya rataye labule, ya kunna rediyo, sannan ya kunna kwamfuta. Haruffa ga su nan ɓul-ɓul.

"Kin gani? Dabara ake yi musu."

"Na gani," in ji Prudence, ta riƙe kai. "Amma injina da nawa system yake aiki. Tunda ka kawo, bari in kwafi font ɗin in sa a nawa. Minti ɗaya ne."

Ya yi wuf ya tare kwamfutarsa da jiki.

"In ba ki iri? Ki kiwata ki riƙa sayar wa mutane? Wallahi ba da ni ba." Ya zagaya ya leƙa bayan tata kwamfutar, ya ga tambarin tuffa da aka gatsa. "Kuma dubi nan. Wadda ta gatsi tuffar da ke bayanta don yunwa, ita zan ba iyayen haruffana?"

"To me kake so in yi, oga?"

"Buga da 'ya'yan da ke taki kwamfutar, yadda suke. Na san ciwonsu."

Ta ɗaga kafaɗa ta buga.

Ran Asabar aka ɗaure ƙyalle a ƙofar gareji, ga baƙi, ga masu kiɗa. Oga David ya fito cikin sabuwar shadda, tumbi na gaba yana biye. Ya ɗaga kai, ya kanne ido. Ya matsa, ya ƙara matsawa, har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen kafin ya ga sunansa.

"Kai. Wannan ne mai kaurin? Ko ni da nake tsaye a nan ban gani ba, balle direban tirela."

Gogan naka ya gyara hula, ya dubi Oga sama da ƙasa.

"Haba Oga, yau fa suka sauka Apo. Kai ranar da ka zo Abuja, da wannan tumbin ka zo?"