Ranar da Na Tsare Furen Auduga

Ko na tsufa, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka bar mini gadin kyamara ba. Ina aji biyu na babbar sakandare, a layin baya nake zama, kuma burina ɗaya a duniya shi ne a tashi makaranta ba wanda ya kalle ni.

Malaminmu na aikin gona, Malam Lawal, ya samo wata 'yar kyamara kamar sabulun wanka. Ya ce furen auduga fari yake buɗewa da safe, kafin yamma ya soma yin ja. Idan kyamara ta riƙa ɗaukar hoto da kanta jifa-jifa, aka jera hotunan, sai a ga aikin wuni guda cikin minti ɗaya. Gonarmu ta auduga a bayan gidanmu take, don haka ƙaddara ta faɗo kaina.

Da sassafe ya zo a babur, ya kafa sanda, ya ɗaure kyamarar da roba tana fuskantar wani fure.

"Kada ki taɓa komai," in ji shi. "Daga Funtua ƙanena ya ara mini. In ta lalace, ni da ke mun shiga uku."

Tun daga nan na shiga zarya tsakanin gida da gona. Akuyar maƙwabta ta yi kuka, na fito a guje. Hadari ya ɗan taso ta wajen garin Dayi, na fito. Ko iska ta kaɗa ganye, na fito. (Ranar kitsona ce, an tsefe rabin kai, sauran rabin yana tsaye kamar shekar tsuntsu.)

Kakata ta gaji da zaryata. "Ke, za ki ƙarar mini da ƙyaure. Je ki tofa mata addu'a ki huta."

Na je na tsuguna a gaban kyamarar, na karanta duk abin da na haddace, na tofa. Gilashin ya yi hazo. Na firgita, na goge da bakin zani. Hankalina bai kwanta ba, sai ya zama duk zuwa sai na sake tofawa. A tunanina, tunda Malam ya saita ta a kan fure, fure kawai take gani.

Ranar Litinin aka rufe tagogin aji, aka kunna majigi. Har shugaban makaranta ya zo, aka ajiye masa kujera a gaba.

Furen ya fito a bango, fari tas, ya soma motsi. Sai ga hanci. Hancina ne, girmansa ya kai rabin allo. Ya ɓace, ya dawo da idanu biyu a zazzare. Ya ɓace, sai baki a tsuke da kumatu a kumbure. Duhun zani, haske, baki, gashi a tsaye, baki kuma. Na damƙe ƙafar benci, ina roƙon Allah ya sa kada a gane ni.

Daga gefen maza wani ya ce, "Malam, wannan ƙwaron ne ke cinye mana auduga?"

Aji ya fashe da dariya. Shugaban makaranta da kansa sai da ya cire hula ya rufe fuska. Na ja hijabi har haɓa, amma kafaɗun aminiyata suna ta rawa a jikin nawa.

Malam Lawal ya gyara murya. "Ku duba gefen kunnenta, furen ya yi ja." Ya juyo wajena. "Kyamara dai ta dawo lafiya. Addu'a ta ci."

Har na gama makarantar, Mai Tofi ake kirana. Yanzu in an ba ni ajiyar abu mai ido, ta baya nake yi masa addu'a, kuma sai na ɗaura ɗankwali tukuna.